Kada ka kashe hitar ɗumama gida gaba ɗaya in za ka yi tafiya

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, za ka tafi gida wata guda a Disamba, kana tambaya ko ka kashe hita don rage kuɗin wuta. A'a, kada ka kashe. Rage ta dai, amma kada ɗumin gidan ya yi ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Selshiyas. Ka rufe babban makullin ruwan da ke shigowa gida, ka buɗe famfuna daga sama har ɗakin ƙasa su tsiyaye tas. Tiyon waje ma ka cire shi.

Ruwa in ya daskare ƙara girma yake yi, kusan kashi 9 cikin 100, shi ne ke tsaga bututu, musamman wanda ke jikin bangon waje. Kuma ba ka ganin ɓarnar sai ƙanƙarar ta narke. Na taya wani maƙwabcina kwasar ruwa a ɗakin ƙasa, wallahi abin tausayi, kafet da kujeru duk sun lalace. Duba takardar inshorarka tun yanzu, don kamfanoni da yawa a Kanada kan sa sharaɗin wani ya riƙa leƙa gidan lokacin sanyi, in ba haka ba su ƙi biya.