Kwana 16 da na'ura ta yi shiru a bakin kogi

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce batirin na'urar auna ruwa da muka ɗaura kusa da gadar Kogin Kaduna ya mutu, kwana 16 babu karatu ko ɗaya. Ranar da ta ɗauke, ruwa na kan santimita 200, ranar da ka tashe ta ka tarar da 264. Kana tambaya ko ka cike giɓin da ƙarin santimita 2 kullum, tunda haka muka ƙiyasta hawan ruwa a wannan watan. A'a, ajiye santimita biyun nan gefe. Ni ma na taɓa yin wannan kuskuren ina yaron aiki: zanen nawa ya tafi sumul, sai a ranar ƙarshe ya yi wani tsalle kamar matakalar bene. Ogana ko karantawa bai yi ba, ya miƙo mini takardar.

A lissafinmu, tsayin ruwa tafiya ce mai fuska biyu. Akwai karkata, wato jan da damina ke yi masa zuwa sama, santimita 2 kullum. Akwai kuma tangaɗi, yau ya ɗan hau gobe ya ɗan sauka ba tare da ka san dalili ba, kuma namu kamar santimita 5 ne a kwana guda. Wannan tangaɗin ake kira motsin Brown, da sunan Robert Brown, masanin tsirrai ɗan Sikotlan da ya ga ƙananan ɓurɓushi suna rawa cikin ruwa a 1827. Einstein ya bayyana dalilinsa a 1905, masanin lissafi Norbert Wiener ya kafa masa lissafi a 1923.

Da a ce 200 kaɗai ka sani, to karkata ce jagorarka. Rana ta 8 sai ka ce 216. Faɗin shakkarka kuwa, ka ninka 5 ɗin tangaɗi da kanta ka sami 25, ka ninka da kwana 8, ka cire sikwaya rut, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadin, kusan santimita 14. Kullum shakkar ƙara buɗewa take yi kamar bakin mazurari, ta kai 20 a rana ta 16.

Amma kai ka ga 264 da idonka, gani kuwa ya kori ji. Da zarar an ɗaure tafiyar nan ta kai da ta ƙafa, sunanta ya koma gadar Brown, kuma sunan ya dace, don kamar gadar da kake tsallakawa ce in za ka Kakuri, bakin nan a kafe, wancan a kafe. Matsakaicin hasashenka miƙaƙƙen layi ne daga 200 zuwa 264, wato ƙarin 4 kullum. Rana ta 4 ka rubuta 216, rana ta 8 ka rubuta 232. Ka lura babu karkatar santimita 2 a cikin lissafin. Ko da ƙiyasinmu 10 ne, ko ma mun ce ruwa ja da baya yake yi, amsar tana nan 232.

Na san nan ne zai tsaya maka a wuya, don ni ma ya daɗe yana tsaya mini. Ka ɗauka ka zana duk hanyoyin da ruwa zai iya bi cikin kwanakin nan, kowace da nauyinta. Karkata tana ƙara wa hanya nauyi ko ta rage mata, amma abu ɗaya take dubawa: ina hanyar ta ƙare. Ba ruwanta da ko ta fara hawa ne sannan ta sauka, ko ta yi kwance sai daga baya ta zabura. To mu mun riga mun ware hanyoyin da suka ƙare a 264 kaɗai. Duk an ƙara musu mudu ɗaya, don haka babu wadda ta rinjayi 'yar'uwarta fiye da dā. Masana lissafi Cameron da Martin suka tabbatar da tushen wannan a 1944, wani masanin mai suna Girsanov ya faɗaɗa shi a 1960.

Kada ka miƙa layin tsirara, ka sa masa faɗin shakka. Ka ninka 25 da kwanakin da suka wuce, ka ninka da waɗanda suka rage, ka raba da 16, ka cire sikwaya rut. Rana ta 8 ya ba ka 10, rana ta 4 kusan 8.7, rana ta 15 bai kai 5 ba. Tsakiya ta fi faɗi, bakunan biyu sifili. Rabon yiwuwar a kowace rana siffar ƙwarya a kife ce, kusan kashi 95 cikin 100 na cikin ninki biyu na faɗin. Kenan rana ta 8 ka ce tsakanin 212 da 252.

Sharaɗi ɗaya, kuma shi nake so ka riƙe da kyau. Duk wannan yana tsayawa ne in karkatar ba ta canja ba tsawon kwanakin. Kogin nan daga tsaunukan Filato yake gangarowa. In an tafka ruwa a can dare ɗaya, zai iya haurowa lokaci guda, motsin Brown kuwa ba ya tsalle. Saboda haka kafin ka cike komai, ka je ka duba jikin ginshiƙin gada, laka da ciyawar da ruwa ya bari suna nuna iyakar inda ya kai. Ka tambayi masu kwasar yashi da masunta wace rana ya fi cika. In shatin ya haura 270 sosai, ka kira ni kafin ka rubuta.

Lambobin da ka cike ka sa su da jan biro, na na'ura da baƙi. Gobe ka biya Kasuwar Gumi ka sayo batiri biyu, ɗaya ya zauna a jakarka.