Kun Tambaya, Mun Amsa: Haɗa Kifayen Tang a Tankin Ruwan Gishiri

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa tankin ruwan gishiri a falona, tsawonsa santimita 240, faɗi 70, zurfi 65, kuma murjanin da na dasa ya fara kamawa. Mai kawo mini kifi daga Legas ya turo sunayen tang shida: Kole, Naso, shuɗin nan Paracanthurus, mai ruwan ɗorawa, mai launin shunayya, da Sohal. Ya ce tankin zai ɗauke su duka. Haka ne? Daga wani Alhaji a GRA, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Huɗu za ka ɗauka, ka bar masa biyu. A lissafi tankinka ya kai lita 1,090, amma idan ka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye, ruwan bai kai haka ba. Kuma a sha'anin tang, tsawon tanki da kamannin kifayen sun fi yawan lita tasiri.

Tang kifi ne makiyayi. A teku yini yake yana kiwon gansakukar da ke kan duwatsu, saboda haka wanda yake ɗauka abokin gaba shi ne mai cin irin abincinsa, kuma da siffa da launi yake gane shi. Biyu masu kama da juna a tanki ɗaya, zakaru biyu ne a akurki. Faɗansu ba na baki ba ne: kowanne yana da ƙaya mai kaifi a gindin wutsiya, hagu da dama, sai ya juya baya ya kafta wa ɗan uwansa. Don haka a zaɓi ɗaya daga kowane dangi.

Kole, wato Ctenochaetus strigosus, ɗauke shi ba tare da shakka ba. Ba ya wuce santimita 18, haƙoransa sirara ne da yake goge dattin da ya kwanta a kan dutse da gilashi, abincin da sauran ba su damu da shi ba. Idan ba a samu ba, Tomini zai maye gurbinsa, amma kada a haɗa su biyun, dangi ɗaya ne.

Naso lituratus yana kai santimita 45, sai dai duk girman nan ba mafaɗaci ba ne. Fili yake so. Santimita 240 shi ne mafi ƙanƙantar abin da za mu yarda da shi, kuma sai an bar gaban tankin fayau daga wannan kai zuwa wancan. Shuɗin, Paracanthurus hepatus, yana kai santimita 30, rabin hankalinsa kuma yana kan ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, shi ya sa ba ya yawan takun saƙa da masu kiwon dutse. Yana da wata ɗabi'a mai tsorata sabon mai kiwo: sai ya cusa kansa a tsagar dutse ya kwanta a gefe ɗaya. Barci yake, a ƙyale shi.

Inda maganar dillalinka ta karkace shi ne mai ruwan ɗorawa da mai shunayya. Dukansu Zebrasoma ne, jiki faffaɗa, baki dogo, launi kawai ya raba su. Zaɓi ɗaya. Na shunayya, Zebrasoma xanthurum na Bahar Maliya, ya fi juriya, ya kuma fi zafin rai. Na ɗorawa, Zebrasoma flavescens, ya fi sauƙin zama, amma ya yi tsada tun da aka dakatar da kamo shi don sayarwa a Hawai a 2021. Tun 2015 aka fara cin nasarar ƙyanƙyashe shi a tanki, kuma irin wannan ya fi saurin karɓar abincin gwangwani. Da mu ne, shi za mu nema.

Sohal kuwa, a yi haƙuri da shi. Yana ƙarami kamar ba zai yi komai ba, amma yana doshin santimita 40, kuma da ya girma sai ya mai da tankin duka gonarsa. Haka nan idan an yi maka tallan wani da ake samu a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, Acanthurus monroviae, mai ɗigon ɗorawa a gindin wutsiya, ka san shi ma yana kai santimita 45.

Jerin shiga ma sharaɗi ne. Kole da Naso su fara, bayan mako biyu ko uku shuɗin ya biyo, Zebrasoma a ƙarshe, kuma ya zama bai fi waɗanda ya tarar girma ba. Sayi masu santimita 7 zuwa 10. Duwatsun kada a jera su bango guda, a yi tsibi biyu ko uku da rata a tsakani, yadda wanda aka kora zai ɓace wa mai korarsa. Ramukan kwana su fi kifayen yawa.

Tambaya: Mai shunayya ya shekara a tankina mai tsawon santimita 150. Na sa masa mai ruwan ɗorawa, yanzu sabon ya maƙale a lungun sama kusa da famfo, ba ya cin abinci, ga yanka a gefensa. Daga wata Hajiya a Daura.

Amsa: Hajiya, a raba su yau. Buɗe fiffike da 'yar tsere ta kwana biyu ko uku ba komai ba ne, haka suke tantance babba. Amma yanka, da ƙin cin abinci, da maƙalewa a sama, alamar wanda ya kusa mutuwa ne.

Tsohon za a kama, ba baƙon ba. A sa shi a akwatin roba mai huji-huji a rataye cikin tankin, ko a wani tanki, na mako ɗaya zuwa biyu. Kafin ya dawo a sauya zaman duwatsu don ya rasa iyakar da ya sani, a sake shi da dare bayan an kashe fitila. A jingina madubi a jikin gilashi ta waje na 'yan kwanaki, zai shagala da faɗa da kansa. A maƙala nori, wato busasshen ganyen teku, a ƙarshen tankin biyu, domin ba zai iya tsaron wuri biyu lokaci guda ba.

Kada ki kama tang da raga. Ƙayar tana sarƙewa a zare, wajen cirewa ta karye ko ta yanke ki. Kora shi za a yi cikin kwanon roba. Gaskiyar magana kuma, Zebrasoma biyu a santimita 150 da wuya su shirya. Idan an gwada sau ɗaya faɗan ya dawo, a nema wa ɗaya wani gida.

Tambaya: Kwana biyar da sa sabon Acanthurus leucosternon, farare-fararen ɗigo sun fito masa, sun kama sauran. An ce in zuba maganin jan ƙarfe. Daga Rafindadi, Katsina.

Amsa: Malam, kada ɗigo ɗaya ya shiga tankin da ke da murjani. Jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, duwatsu kuma su shanye shi su riƙa fitarwa a hankali.

Ƙwayar Cryptocaryon irritans ce, kuma tang sun fi yawancin kifaye saurin kamuwa, balle wanda ka saya da ɗan uwansa Achilles. Yaudararta ita ce bayan 'yan kwanaki ɗigon ya ɓace, ka ce an warke, alhali ta sauka ƙasa ne ta rufe kanta tana hayayyafa. Tafarnuwa a abinci ba ta kashe ta. A kwashe kifayen duka zuwa tanki daban, babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba na maɓuya da soson tace ruwa. A can ake ba da maganin na kwana 30, ana auna ƙarfinsa kullum bisa abin da aka rubuta a kwalbar, domin kowane kamfani da ma'auninsa, ana kuma lura da amoniya. Babban tankin ya zauna babu kifi kwana 76, yadda masu kiwo suka saba, don ƙwayar ta rasa mai ɗaukarta. Idan abin ya fi kama da ƙura a jiki, kifin yana haki yana fuskantar famfo, wannan Amyloodinium ce, tana kisa cikin kwana biyu, ba a jira.

Nan gaba kowane sabon kifi ya yi wata guda a keɓe kafin ya ga sauran.

Tambaya: Zafin Katsina yana da ruwa da yawan tang da zan ajiye? Daga Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Ƙwarai. Tang suna shan iska da yawa saboda ba sa tsayawa, ruwan gishiri kuma ba ya riƙe iska kamar na daɗi, yana ƙara ɗumi tana ƙara raguwa. Ana son digiri 24 zuwa 26, alhali a Afrilu da Mayu gari yana haura 40. Idan aka ɗauke wuta da tsakar dare a irin wannan lokaci, manyan tang ne ke fara mutuwa. Saboda haka famfon da ke kaɗa saman ruwa ya kasance a kan batir ko sola kafin a yi maganar fitila. Wanda ba shi da injin sanyaya ruwa da wutar da za ta riƙe shi, ya rage kifi ɗaya daga duk lissafin da muka yi a sama.

Fanka mai hura saman ruwa tana aiki sosai a nan saboda iskarmu busasshiya ce, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa gishiri ya hau. A cike gurbin kullum da ruwa marar gishiri wanda na'urar tace ruwa ta RO ta tace, ba ruwan burtsatse kai tsaye ba, a riƙe ma'aunin gishiri a 1.025 zuwa 1.026. Da hunturu kuma a sa hita, don sanyin asuba na Disamba da Janairu yana sauke tanki ƙasa da yadda ake so.