Tambaya da Amsa: Addu'a a Waya da Addu'a a Gefen Gadon Mara Lafiya

Tambaya: Fada, na sauke manhajar addu'a a wayata, amma ko mako ban yi ba na daina. Kuma wata rana karatun da ke ciki ya bambanta da wanda aka karanta a Misa. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, bambancin daga kalanda yake. Kowace ƙasa tana da nata bukukuwan, wasu ma suna ɗage Idin Hawan Yesu Sama daga Alhamis zuwa Lahadi. A manhaja irin ta Universalis, shiga wurin saiti ka zaɓi kalandar ƙasarka, shi ke nan.

Dainawar kuwa, galibi ɗaukar kaya ne fiye da ƙarfi. Kada ka ce sai ka yi dukan Addu'ar Sa'o'i, wato Zabura da addu'o'in da Ikklisiya ta tsara a yi a lokuta daban-daban na yini. Riƙe ta safe da ta yamma, su ne ginshiƙanta biyu, kowacce takan ɗauki kamar minti 15. Sauke addu'o'in tun da wuri, sannan ka kashe data kafin ka yi alamar gicciye, domin saƙo ɗaya ya isa ya raba ka da Zabura.

Tambaya: Fada, mahaifiyata ta fi shekara a kwance. Kullum ina roƙon Uwa Maryamu da tsarkaka su yi mata addu'a, shiru. 'Yan'uwana sun hana a kira firist, wai sai mai mutuwa ake shafa wa mai.

Amsa: Sannu, 'yar'uwa, Allah ya ba Mama sauƙi. A kira firist yau, kada a jira. Shafewar marasa lafiya ta duk wanda ciwo mai tsanani ko tsufa ya raunana ce, ana kuma iya sake ta idan ciwon ya ƙaru. Duba Yakubu 5:14-15. Firist zai ɗora mata hannu, ya shafa mai a goshinta da tafin hannuwanta. Abin takaici, iyalai da yawa sukan jinkirta har sai majinyaci ya fita hayyacinsa, ba ya iya furta zunubi ko karɓar Jibin Ubangiji. Ki sani kuma ba a furta zunubi ta waya, sai ido da ido.

Shirun da kike ji ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ne. Yesu kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon, bai kuwa tsallake gicciye ba. Tsarkaka suna roƙo tare da mu, amma amsa a hannun Allah take. Ranar da baki ya yi miki nauyi, karanta Zabura 88: kuka ce tun daga farko har ƙarshe, Ikklisiya kuma tana yin ta a addu'ar dare ta kowace Juma'a.

Idan Mama ba za ta iya Rosari cikakke ba, ku yi goma ɗaya: Ubanmu ɗaya, A Gaishe Ki Maryamu goma, Ɗaukaka ɗaya. Ki sa mata Rosarin a hannu, ke ki faɗa, ita ta bi a zuci. Talata da Juma'a ranakun asiran baƙin ciki ne, wato ranakun da ake tunawa da shan wuyar Yesu a cikin Rosari. Ki kuma ba ta sunan wani mai bukata ta miƙa wa Allah ciwonta dominsa, kamar yadda Bulus ya yi a Kolosiyawa 1:24. Magani da ganin likita kada a fasa ko sau ɗaya. Ki kai sunanta ofishin Ikklisiyarku, a sa ta cikin waɗanda ake kai wa Jibin Ubangiji gida.