Amsa: gano rukunin da ke cikin wani rukuni a regex

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka gane, da Python, wane rukuni ne ke cikin wane a regex, wato tsarin alamomin da ake neman rubutu da shi; rukuni kuma shi ne ɓangaren da aka sa tsakanin `(` da `)`. Kar ka ƙirga baka, wato `(` da `)`, da kanka. Na gwada haka a aikina na makaranta a Samaru, na sha wuya: `\(` ba rukuni ba ne, haka bakan da ke cikin `[ ]`, shi kuma `(?:` ba ya samun lamba.

Idan ka haɗa regex ɗin da `re.compile`, `groups` adadin rukunai kawai zai ba ka, `groupindex` kuma sunaye da lambobinsu. Tsarin kansa sai ka kira `sre_parse.parse`, wanda ke warware regex ɗin zuwa sassansa, ka bi kowane `SUBPATTERN` (sunan da yake ba rukuni) har ƙasa. Sai dai tun Python 3.11 an mayar da `sre_parse` zuwa `re._parser`, kayan cikin gida ne, ana iya canza shi ba sallama.