Kunya da ƙuri'a: amsar Goggo

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kun yi musu a makaranta, wani ya kafe cewa dimokuraɗiyya baƙuwa ce, al'adarmu ba ta yarda na baya ya tuhumi na gaba ba, kina son jin ta bakina.

Shawara dai ba baƙuwa ba ce. A Kano ba a naɗa sarki sai Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Maituta sun zauna. Ko aure za a bayar a gidanmu, sai an tara baffanni da kawunnai. Amma ki duba su wa ke kan tabarmar. Manomin da ke biyan haraji ba ya nan, makiyayin da ke biyan jangali ba ya nan, mu mata kuwa sai dai mu tsinci maganar daga bakin murhu. Dimokuraɗiyya faɗaɗa tabarmar nan ta yi, ta kuma yanka wa mulki wa'adi. Wanda kika ɗora da hannunki, bayan shekara 4 kina iya sauke shi, ba wanda zai zubar da jini.

Kuma ba a faranti aka miƙo mana ba. Tun 1950 da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, mutanen Malam Aminu Kano suka sha bulala da ɗauri don sun ce talaka ma yana da baki. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kan maganar mata su yi zaɓe. A 1959 matan kudu suka jefa ƙuri'a, kakarki tana gida tana daka, ba a ba ta dama ba.

Ni a 1979 na fara. Ina goye da yayanki, layin mata ya miƙe har gindin darbejiyar firamare. Inna na gabana, ta sha lalle har wuyan hannu, tana ta fargabar ko tawadar ba za ta kama yatsanta ba. Ta kama. Ta dangwala kusa da mabuɗi, alamar PRP, jam'iyyar Malam Aminu ta lokacin, ta fito ba ta ce da kowa uffan ba, sai da muka kai zaure ta share hawaye da gefen mayafi. Abubakar Rimi ya ci gwamnan Kano, Balarabe Musa ya ci na Kaduna, dukansu 'yan PRP, suka soke haraji da jangali. Nan na gane cewa yatsan tsohuwa na iya kaiwa har gidan gwamna.

Maganar kunya kuwa, ki riƙe ladabinki, ki durƙusa ki gai da babba. Sai dai kuɗin da ke hannun kansila ko gwamna ba gadon gidansu ba ne, amana ce, kuma tambayar mai riƙon amana ba fitsara ba ce. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake zuwa ana raba wa mata taliya da sabulu da atamfa ana gobe zaɓe. Ba don wannan aka ɗaure Gambo ba.

Kin cika 18 tun bara. In kin tashi zuwa hutu ki taho da katin zaɓenki, ina so in gan shi da idona. Ki gai da babanki.