Tambaya da Amsa: Fataucin goro ya kawo kakanmu Kumasi, ta ina zan fara neman danginmu a Kano?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni haifaffiyar zangon Kumasi ce, kakanmu fataucin goro ya fito da shi daga kasar Kano bai koma ba har Allah ya karbi abinsa. Sunansa kawai muka sani, sai kuma ance cikin Agalawa yake. Dan Allah ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya baki ladan zumunci. Toh kar ki fara da Kano tukuna, fara da tsofaffin gidanku tun suna raye, musamman gwaggonni dan su ke rike da labarin waye ya auri wa. Ki kunna rikoda a waya ki tambayi sunan mahaifin kakan, lakabinsa, zanen fuskarsa, da sunan maigidan da yake sauka wajensa a zango. Idan ya bar Alkur'ani rubutun hannu ki duba warkar karshe, marubuta kan sa sunansu da na uba wani lokaci har da garinsu.

Kalmar Agalawan nan ba karamin haske bace, Agalawa fatake ne da aka sani da fataucin goro, akwai su a cikin birnin Kano, akwai su a Bebeji ma inda aka haifi Alhassan Dantata. Ki samu wanda zai raka ki wajen mai unguwa ko dagaci, ki je da 'yar gaisuwarki, su za su hada ki da limami da dattawan da suka san gidajen da mutanensu suka tafi Gwanja, wato kasar fataucin goro a arewacin Ghana, basu dawo ba. Ki tambaya kuma ko wani naku ya koma gida a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baki daga Ghana, da yawa ta nan ake gano juna.

Maganar takardu kuwa, akwai gidan adana tarihi na kasa a Kaduna da Arewa House, akwai Gidan Dan Hausa a Kano, amma gaskiya kar ki sa rai da yawa, rajistar haraji maza masu biya take kirgawa ba mata ba yara, kuma harajin ma gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke shi tun 1979. Abin da yafi amfani shine littafin rabon gado na kotun alkali, dan shi yake jero magada daya bayan daya, 'ya'ya da mata, sai dai neman sa na bukatar sunan garin da kusan shekarar da aka yi rasuwar.