Maigidana Yana So Mu Haɗa Kuɗi Mu Sayi Fili, Amma da Sunansa Kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, maigidana ɗan kasuwa ne, kuma ina da abokiyar zama. Kwanan nan zan kwashi adashi, sai ya ce in kawo mu haɗa da nasa mu sayi fili, ni kuwa na fi son in ja jari. Da na ce to a sa sunana a takarda, sai ransa ya ɓaci, ya ce ban yarda da shi ba. Ina tsoron kada wannan ya taɓa aurena. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin zaɓi tsakanin fili da jari ba shi ne mai wuyar ba. Ku zauna ku biyu ku ware abin da ya wajaba a kansa na ci da sha da sutura da muhalli, sannan ku duba ko abin da ya rage zai iya kwanciya shekaru ba a taɓa shi ba. Fili yana kare kuɗi daga faɗuwar darajar naira irin wadda muka gani tun 2023, amma ba ya sayuwa a ranar da aka matsu da kuɗin asibiti. Jari kuwa yana juyawa, sai dai yana iya karyewa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar cewa neman rubutu tsakanin miji da mata rashin yarda ne. Kullum sai na ji ta daga bakin dangi da ƙawaye da masu ba da fatawa a Facebook, kuma ita ce take kai mata gaban alƙali suna kuka ba su da hujja. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ce ban da ma'aurata ba. Dukiyar mace tata ce a shari'a, aure ba ya mayar da ita ta miji.

Takardar nan ba don maigidanki za a yi ta ba, don ranar da ba ya nan ne. Idan ya rasu filin yana da sunansa kaɗai, magada za su lissafa shi cikin abin da ya bari, ke da abokiyar zamanki ku raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, matuƙar ya bar 'ya'ya. Kuɗin adashinki ya shiga rabon mutanen da ba su san lokacin da kika yi ta zubi ba, sai fa in kin kawo shaida, alƙali kuwa da shaida yake hukunci, ba da hawaye ba.

Saboda haka ki fara tantance matsayin kuɗin: kyauta ce, ko bashi, ko haɗin gwiwa? Idan haɗin gwiwa ne, a rubuta abin da kowa ya zuba da kasonsa a takardar ciniki, shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya sani, a kuma bincika filin a ma'aikatar filaye, domin dillalan da ke sayar da fili ɗaya ga mutum uku ba su ƙare ba. Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi ki faɗa masa cikin ladabi cewa rubutun zai kare shi daga hakkin wani a lahira. Idan ya ƙi, ki riƙe kuɗinki ki ja jarinki, ba ki saɓa wa shari'a ba.